Ziyarar Gana ta Mota da Kuɗi Kaɗan, Ba Tare da Ejan Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan amsoshi na wanda zai taso daga arewacin Najeriya ne, yana da hutun kwana goma zuwa sati biyu, yana kuma so ya ga Gana da ɗan abin da ya tara. Ba mu sa farashi ba, domin naira da sidi duk motsi suke yi, kuma farashin da aka rubuta yau yana iya ɓatar da kai wata uku masu zuwa. Abin da ba ya canzawa shi muka kawo: takardu, hanya, tashoshi, da wuraren da kuɗi ke zurarewa.

Da gaske mutum zai iya shirya wannan tafiya da kansa?

Ƙwarai kuwa. Babban abin da ke kai mutane wurin ejan shi ne biza, ɗan Najeriya kuma ba ya buƙatar biza zuwa Jamhuriyar Benin ko Togo ko Gana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. Saura mota da masauki da abinci, waɗannan kuwa duk wanda ya taɓa zuwa Legas daga Kano ya san yadda ake yinsu. Ga shi kuma a Akra da Kumasi da Tamale akwai zango, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci.

Waɗanne takardu zan riƙe?

Biyu ne dole. Na farko fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS wadda hukumar shige da fice ke bayarwa. Ta fi fasfo araha, shekara biyu take yi, kuma ta isa wannan tafiya. In fasfo ne, ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ka duba shafuka ma: a tafiya za a buga maka hatimi shida (fita Najeriya, shiga Benin, fita Benin, shiga Togo, fita Togo, shiga Gana), a dawowa shida. Hatimi goma sha biyu ba su shiga shafi ɗaya.

Na biyu katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake kira yalo kad. Ana biyan kuɗinsa ta intanet, a buga rasit, a kai ofishin lafiya na filin jirgi ko na kan iyaka a yi allura a karɓi kati. Abin da ke kama mutane a nan shi ne lokaci: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya yi jiya ya taso yau, jami'in lafiya na da hujjar tsayar da shi. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016. Kada ka sayi kati a hannun ɗan kamasho ba allura. Banda cewa ana duba lambarsa, ciwon da kansa yana kisa.

Ka yi fotokwafi biyu na kowace takarda, ka ajiye ɗaya a jaka daban, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Wace hanya ake bi?

Hanyar bakin teku. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, tafiyar da kan cinye yini da dare a babbar mota. Daga Legas zuwa Akra kimanin kilomita 460, amma kada gajartar ta ruɗe ka, iyaka uku ce a tsakani: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana. Iyakar Aflawo a cikin garin Lome take, kana fita daga unguwa sai ka ga ƙofar Gana.

Akwai 'yan kasuwa masu yankewa ta Cikanda a jihar Kwara su faɗa Nikki da Paraku. Hanya ce ta wanda ya saba, yana da mutanensa a tashoshi. Mai zuwan farko ya bi ta Legas.

Ka sa kwana ɗaya na hutu a Legas cikin lissafi. Wanda ya sauka daga motar Kano da asuba ya zarce Seme a gajiye shi ne wanda ake cuta wajen canji, shi ne mai manta jaka a but.

Motar kai-tsaye ta fi, ko a riƙa sauka ana hawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar aljihu, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Kamfanoni irin su ABC Transport da GUO suna da motoci daga Legas zuwa Akra kai-tsaye. Suna tashi da sassafe, ma'aikacinsu ya karɓi fasfo ɗin fasinjoji ya kai a buga a kowace iyaka, kai kuma ka sauko a ga fuskarka in an nema. Tikitin ya fi tsada, amma kusan duk ɗawainiyar iyaka tana cikinsa. Lokacin sayen tikiti za a tambaye ka wace takarda ce da kai, kuma ko an taɓa buga mata hatimi, domin kuɗin yakan bambanta. Ka faɗi gaskiya tun a kanta.

Ɗaya hanyar ita ce guntu-guntu: daga Mile 2 a Legas ka hau mota zuwa Seme, ka tsallaka da ƙafa, ka hau tasi zuwa Kwatano, daga tashar Jonke ka sami motar Lome (kimanin kilomita 150), ka tsallaka Aflawo da ƙafa, ka hau motar Akra (kimanin kilomita 190, awa uku zuwa huɗu) wadda za ta sauke ka a Tudu. In aka haɗa kuɗin motocin kaɗai, wannan ta fi araha nesa ba kusa ba. Amma kowace sauka tana da nata kashe-kashen: ɗan dako, ɗan acaɓa tsakanin tashoshi, kuɗin kaya, ga jiran mota ta cika. Kuma kai kaɗai za ka tsaya gaban kowane tebur.

Shawararmu: zuwan farko a tafi da motar kai-tsaye, a buɗe ido a ga yadda ake yi. A dawowa, in an ga za a iya, a biyo guntu-guntu a kwana ɗaya a Lome ko Kwatano, a kashe kwarkwatar ido. Jirgi daga Legas awa ɗaya ne kacal, sai dai kuɗinsa kan cinye abin da zai riƙe ka kwanaki a can.

Me ke faruwa a kan iyaka, kuma dole ne in ba da na goro?

A ƙa'ida buga hatimi ga ɗan ECOWAS kyauta ne. A zahiri kuwa akan nemi wani abu, musamman in fasfon sabo ne fil, ko kuma katin rigakafi bai cika ba. Wanda takardunsa suka cika ya fi kowa ƙarfin cewa a'a. Ka yi gaisuwa, ka miƙa takarda da hannun dama, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai: ina za ka, kwana nawa, ina za ka sauka. Ka rubuto sunan masaukinka da lambar wayarsa a takarda, domin fom ɗin shiga Gana yana tambaya. In an ce ka biya wani kuɗi, ka nemi rasit cikin ladabi. Faɗa da ɗaga murya ba sa rage komai sai lokacinka.

Abubuwa huɗu ne ke jawo babbar asara. Na ɗaya, bin 'yan acaɓa masu cewa za su zagaya da kai ta bayan gari ba hatimi. Za ka shiga lafiya, amma a shingen gaba ko ranar fita za a nemi hatimin shiga a rasa, abin da za ka biya a lokacin ya ninka wanda ka guje wa. Na biyu, miƙa fasfo ga wanda ba ya cikin kaki kuma ba ma'aikacin motarka ba. Na uku, karɓar saƙon wani a tasha don ka tsallaka masa da shi. Duk abin da aka samu a ciki naka ne. Na huɗu, ɗaukar hoto a harabar iyaka.

Bayan kowane tebur ka buɗe fasfo ka tabbata an buga, ka karanta kwanakin da aka rubuta maka. Kuma ka tsara tafiyarka yadda za ka tsallaka dukkan iyakokin da rana. Agogon Togo da Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, wannan na taimakon mai tafiya, yana kuma cutar mai dawowa.

Wane kuɗi zan riƙe, a ina zan yi canji?

Benin da Togo sefa suke ci, Gana sidi. Ƙa'idar ita ce kada kuɗinka ya bi ta hannun ɗan canji sau biyu. Wanda ya mayar da nairarsa duka sefa a Seme, sannan ya mayar da sefar sidi a Aflawo, an yanke shi sau biyu. A Seme ka canza abin da zai kai ka Aflawo kawai. A Aflawo ka canza na mota da abincin kwana ɗaya ko biyu. Babban kuɗin ka riƙe shi a dala, takardun 50 da 100 masu tsabta, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a shagunan canji masu lasisi a Akra ko Kumasi. Ƙananan takardu da tsofaffi farashinsu ya fi ƙasa.

Kafin ka tsaya gaban ɗan canji ka duba farashin ranar a waya, ka buga lissafin da kanka. Ka karɓi nasa ka ƙirga a hannunka, sannan ka miƙa naka. In ya ce ka dawo masa da su ya sake ƙirgawa, to ka sake ƙirgawa kai ma bayan ya miƙo, domin a nan ne takarda ɗaya ko biyu ke maƙalewa a tafin hannu.

A 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1. Har yanzu wasu dattawan kasuwa kan faɗi farashi da tsohon lissafi. In ka ji an kira maka dubbai a kan ƙullin gyaɗa, kada ka firgita, ka nuna takardar kuɗi ka tambaya.

Katin banki na naira kada ya zama shi ne madogara. Ka tambayi bankinka ko yana aiki a waje da kuma iyakar abin da za a iya cira, ka riƙe shi don ko-ta-kwana.

Yaya zan yi kasafi tunda ba ku ba da farashi ba?

Sati biyu kafin tafiya ka nemo lambobi huɗu na gaskiya: tikitin Kano zuwa Legas, tikitin Legas zuwa Akra, kuɗin ɗaki mai fanka a unguwar da za ka sauka, da kuɗin mota tsakanin garuruwan da ka zaɓa. Kira biyu ko uku da saƙon WhatsApp sun isa. Ka ninka kuɗin hanya biyu, ka ninka na ɗaki da yawan dare, ka ƙara abinci sau uku a rana da kuɗin shiga wurare. A kan jimillar ka ɗora kashi 20 cikin ɗari na ba-zata.

Sannan ka cire kuɗin komawa gida gaba ɗaya, har da na kwanan Legas, ka sa a ambulan daban, ka ɗauka babu shi. Kusan duk wanda ya maƙale a hanya, kuɗin komawa ya taɓa don tsaraba.

A irin wannan tafiya mota ce ke cin kaso mafi girma, sai ɗaki. Don haka hanyar rage kashe kuɗi ita ce rage yawan garuruwa, ba rage abinci ba. Kuma mutum biyu sun fi ɗaya sauƙi, tunda ɗaki da tasi duk rabawa za a yi.

Wane lokaci ya fi?

A guji Disamba. Tun bikin dawowar 'yan Afirka mazauna ƙetare na 2019, Akra kan cika maƙil a ƙarshen shekara, ɗakuna su yi tsada. A kudu ruwa ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ne ƙololuwa, kuma Akra na fama da ambaliya. Tsakiyar Janairu zuwa Maris ya fi dacewa, musamman ga mai son zuwa arewa ganin namun daji.

A ina zan sauka?

Osu da East Legon da Cantonments na masu hannu da shuni ne. Ƙananan masaukai suna Adabraka da Kokomlemle da Asylum Down, duk kusa da Circle inda manyan tashoshi suke, kuma ba nisa da Nima da Mamobi, unguwannin zango. Ka kama ɗakin daren farko tun kana gida, irin wanda ake biya in an iso. Sauran darare ka nema da ƙafarka. Kafin ka biya ka shiga ɗakin: ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka gwada sakata, ka ɗaga zanin gado. Ka tambaya ko akwai janareta. In za ka yi dare uku ko fiye, ka nemi ragi tun farko.

Mai ɗan'uwa a zango ya huta da kuɗin ɗaki, amma gidajen Nima a matse suke. Ka sanar tun da wuri, ka faɗi ranar tafiyarka, ka zo da tsaraba (kilishi, dabino, turare, hula), ka sa hannu a cefane.

Abinci fa? Zan sami halal?

A zango ba ka da damuwa. Da safe koko da ƙosai, da hantsi waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa har su yi ja, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yajin shito. Kwano ɗaya kan riƙe mutum har la'asar. Da dare tuwo da miyar ayoyo, ko tsire a bakin titi. A wajen zango, musamman Cape Coast da ƙauyukan kudu, ana sayar da naman alade da naman daji a gidajen abinci, kuma wani lokaci tukunyar miya ɗaya ce. Mafita ita ce kifi: kenke ko banku da soyayyen kifi da barkono, mai araha ne kuma ko'ina akwai. Ruwa kuwa na leda ko na gora. Ka taho da maganin zazzaɓin cizon sauro da na gudawa da gishirin ORS, kowanne cikin kwalinsa.

Kwana goma za su kai ni ina?

Huɗu na hanya ne, tafiya da dawowa, in an taso daga Kano ma suna iya zama biyar. Saura shida ko biyar, kuma gari biyu suka dace da su, uku in an matsa.

Akra kwana biyu: Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya, in da hali a yi Juma'a a can, makwancin Kwame Nkrumah, wanda ya jagoranci ƙasar zuwa 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, kasuwar Makola, tsohuwar unguwar Jamestown. A cikin gari ka hau trotro, ƙananan bas ɗin da yaron mota ke kiran unguwa ta taga. Da dare ko da kaya a kira Bolt ko Uber.

Cape Coast kwana biyu: mota daga tashar Kaneshi, kimanin kilomita 150. Kurkukun bayi na Cape Coast da na Elmina kimanin kilomita 13 ne tsakaninsu, ana iya ganinsu rana ɗaya. Turawan Fotugal suka gina na Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Mai jagora zai shigar da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya kashe fitila na ɗan lokaci, ku ji duhu da zafin da aka tara ɗaruruwan mutane a ciki, sannan ya kai ku ƙaramar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgin ruwa. Kada a yi wannan ziyara a gurguje. Washegari da sassafe a tafi dajin Kakum, kimanin kilomita 30, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya a saman itatuwa. A isa da wuri kafin motocin 'yan makaranta. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa a duk waɗannan wurare, a sa shi a lissafi. Teku kuma a tsaya a gefe: igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja da ƙarfi, wanda ya koyi iyo a kogi ko dam bai san irinta ba.

In da sauran kwana, Kumasi: kasuwar Kejetiya da gidan tarihi na fadar Manhyia. Daga Circle motocin kamfanin VIP ke zuwa, kimanin kilomita 250.

Arewacin Gana fa, Mole da Salaga?

Wannan sai mai sati biyu. Akra zuwa Tamale kimanin kilomita 600 ne, yini guda a motar kamfanin STC. Daga Tamale ake zuwa Larabanga, mai tsohon masallacin ƙasa da ake danganta gininsa da ƙarni na 15, gandun dajin Mole kuma yana dab da garin. A Mole akwai zagayen ƙafa da sassafe tare da ma'aikaci mai bindiga, wanda ya fi hayar mota araha, kuma da rani giwaye kan sauko shan ruwa kusa. Dole a sa rufaffen takalmi. Kwana a Larabanga ya fi kwana cikin gandun sauƙi.

Salaga kuwa ita ce kasuwar ƙasar Gwanja da fatake daga Kano da Katsina suka yi ta zuwa sayen goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa ta. A nan Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna kafin ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Abin gani a yau tsofaffin rijiyoyi ne da wurin kasuwar bayi. Ba wurin shaƙatawa ba ne, amma mai son tarihin fatauci ba zai yi da-na-sanin yini ɗaya ba.

Waya da caji?

Barin layin Najeriya a buɗe yana cin kati da sauri. Ka je ofishin MTN ko Telecel da fasfonka a yi maka rajistar layi, ka sa a buɗe maka MoMo, wato asusun kuɗi na waya, domin da shi ake biyan kusan komai. Soket ɗin Gana irin na Najeriya ne mai baki uku. Na Benin da Togo mai baki biyu ne zagayayye, sai da adafta.

Zan iya tafiya da iyali?

Za ka iya, amma da motar kai-tsaye. Kowane yaro da takardar tafiyarsa, a riƙe takardar haihuwa, in kuma ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai ke tafe, ya zo da rubutacciyar yardar ɗayan. Ana tsananta bincike kan yara a wannan hanya saboda masu safararsu. Mai niƙabi za a nemi ganin fuskarta, tana iya roƙon jami'a mace ta duba. Kada a sa wa kowa, ko yaro, tufa mai zanen kakin soja. An hana farar hula sa shi a Gana.

Mu da ke Nijar ko Kamaru ko Chadi fa?

Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, gadar Gaya zuwa Malanbil kuma an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Hanyar Burkina zuwa Paga, garin kan iyaka a arewacin Gana, tana ratsa yankunan da ba tsaro. Kafin a sa rana a tambayi ofishin jakadancin Gana da kamfanonin mota na Yamai halin da ake ciki. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, maganar biza sai a ofishin jakadanci. Sefarsu ma ta Afirka ta Tsakiya ce, ba a karɓarta a shagunan Kwatano da Lome, sai an canza.

Wace tsaraba zan iya shigowa da ita ba rigima?

Atamfar GTP ko Woodin turmi biyu zuwa uku, ɗan yankin kente, cakulan Golden Tree, sabulun salo, shito a kwalba mai murfi da aka naɗe da leda. A saya a rana ta ƙarshe da abin da ya rage, a riƙe rasit. Kaya iri ɗaya masu yawa kwastan na ɗaukarsu na sayarwa ne, sai an biya haraji. Shinkafar waje da kajin ƙanƙara an hana shigo da su ta Seme, ko da buhu ɗaya ne ko kwali ɗaya. Sauran sidin da ke hannunka ka canza shi a Aflawo kafin ka tsallaka, ka bar sefar da za ta kai ka Seme da nairar motar Mile 2 a aljihun gaba.